Shekarar Da Na Raba Mahaifinku Da Gonarsa

Duk wanda ya tambaye ku abin da ya fito da mu daga ƙauye, amsarku ɗaya ce, wai 'yan bindiga. Na sha jin 'yar'uwarku Sa'a tana gaya wa ƙawayenta haka, babbanku ma haka ya faɗa wa surukansa, ban gyara wa kowa ba, don amsa ce mai sauƙi, kowa a Batsari ya san ta, kuma ba a ƙara tambaya bayanta. Amma ba haka aka yi ba. Mun riga tashin hankali fitowa. Lokacin da muka ɗaure kayanmu ana dai jin labarin satar shanu can gefen daji, amma bai iso mu ba, mata na zuwa itace su dawo lafiya, 'yan mata na dandali. Abin da ya fito da mu rana ce da ƙishirwa, da maganar wata likita, da kuma bakina ni mahaifiyarku. Yanzu da mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka san zancen kuma suka watse, gara in rubuta muku shi yadda ya faru.

Daga Zakka aka kawo ni, gidan masu kiwo da ɗan noma, aka sauke ni a wata 'yar unguwa bayan Wagini, gidan manoma tsantsa. Ku manyan kun tuna gidan, ƙananan kuwa sai dai labari. Rumbuna uku ne a bayan ɗakin kakarku Goggo, ga turken shanun huɗa a gefe, ga ɗorawa a ƙofar gida wadda inuwarta ke ɗaukar duk dattawan unguwa. Da na zo, tafkin da ke gangare yakan riƙe ruwa har wata damina ta riske shi, rijiyar masallaci kuwa guga ba ya wahala. Mahaifinku mutum ne da aka san shi da abu ɗaya, ba ya jin rana. Daga sallar asuba zai saɓi fartanya, ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba sai la'asar sakaliya. In na kai masa fura gona, yakan sha a tsaye, ya miƙo mini ƙwarya, ya ce in gaida gida, kamar wata baƙuwa. Mutane suna yabonsa da haka, ni ma ina alfahari da shi, ba zan ɓoye muku ba.

Ba rana ɗaya abubuwa suka sauya ba, shi ya sa ba mu farga ba. Damina ta fara makara. In ta zo, sai ta yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya ruga ya zuba iri, sannan sama ta bushe ƙayau, tsiro ya ƙone, a sake nemo iri. In kuma ta tashi zubarwa a tsakiya, sai ta zubar da na wata guda a yini ɗaya, katangu su faɗi, kududdufai su cika, sauro ya yi ta kwantar da yara har bayan kaka. Tafki ya koma ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Rijiya aka yi ta ƙara mata igiya, ruwan da ke fitowa kuma ja, da ɗanɗanon kanwa. Zafin bazara kuwa ya zama wani iri, ƙarfen guga ba ya taɓuwa, jarirai duk ƙuraje, masu ciki na yin ɓari, tsofaffi na sulalewa ba ciwon fari ba na baƙi. Kowane ɗaya muna da sunan da muke ba shi, wannan ciwon shawara ne, wannan sanƙarau, wannan kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya ya ce uwarsu guda.

A bazarar wannan shekara da nake ba ku labari, wata mota a-kori-kura ta tsaya a gindin ɗorawa. Mai unguwa ya tara mutane ya ce baƙi ne daga jami'a, za su yi bincike kan yadda sauyin yanayi ke taɓa lafiyar mutanen karkara. Shugabarsu mace ce, Dakta Maryam, siririya, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta ta birni. Tun da gidanmu ne mai babban tsakar gida, nan aka tara mata, ta cire takalmi ta zauna kan tabarma tare da mu. Bayan an gama gaisuwa, Goggo, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta dube ta.

"Ɗiyata, magani kuka kawo muna?"

"A'a, Goggo. Tambaya muka kawo."

"To, ita ma muna da ita da yawa, ba mu san wa za mu kai ma ba."

Aka yi dariya, daga nan baki ya buɗe. Ta yi mana tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mana. Daga ina muke ɗebo ruwa, wane lokaci muke girki, a wane wata aka fi yin ɓari, yaushe nonon mai shayarwa ke ja baya. Goggo ta ba ta labarin daminar ƙuruciyarta har sai da na ji ni ma ina kewar abin da ban gani ba. Maza kuwa aikinsu daban. Ana ɗora su kan sikeli da safe kafin su tafi gona, a sake ɗora su in sun dawo, a karɓi fitsari a 'yar kwalba, a ɗebi jini kaɗan, aka kuma rataye wani ɗan ma'aunin zafi a bishiyar bakin gonaki. Wasu suka ƙi, suka ce ba a san inda za a kai jinin mutum ba. Mahaifinku ya yarda da wasa da dariya, ya ce su auna, su ga yadda Allah ya ƙera manomi. Suka yi kwanakinsu suka tafi, suka ce za su dawo da sakamako.

Azumin shekarar ya faɗo daidai ƙarshen bazara. Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka da baki a bushe, sama ta ɗauke, gero ya mutu a rami. Da aka sake samun yayyafi, aka sake fita, har yanzu da azumi. A wannan fita ta biyu ce na fara ganin abin da ban saba gani ba. Yakan dawo ya zube a zaure bai ko iya amsa sannu. Da an sha ruwa sai ya aika a sayo masa ƙwayoyin kashe gajiya wurin mai tebur, ya haɗiye biyu uku. Ƙafafunsa suka fara hawa, takalmin roba na barin shaida a bayansu, fuskarsa da safe kamar an hura. Wata rana na ga inda ya kama ruwa a bayan gida, launin kamar shayin da aka manta a wuta. Da na yi magana, sai ya ce azumi ne, kowa haka yake.

Ana cikin goman ƙarshe Dakta Maryam ta dawo. Ba ta tara jama'a ba, gida gida ta bi. Da ta zo namu ta ce tana so ta gan mu tare, ni da mahaifinku. Ta yi bayani a hankali, ba ta tsorata mu ba, ba ta kuma rufe mana ba. Ta ce ƙodarsa ta gaji, kuma ba shi kaɗai ba ne a unguwar. Ta ce jikin da ke zubar da gumi yini guda ba a mayar masa da ruwa, shekara da shekaru, ƙoda ce ke biyan bashin, kuma zafin yanzu ba irin wanda iyayenmu suka yi noma a cikinsa ba ne. Ta ce ba ta da tabbacin ko zafin ne kaɗai, ko da ruwan rijiya, ko ƙwayoyin da yake sha, ko maganin feshi, abin da suke nema su gano ke nan. Abin da ta sani shi ne, abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya tsare sauran. Dole ya bar aiki cikin rana, ya sha ruwa mai kyau, ya ajiye azumi, ya riƙa ganin likita a kai a kai. In ba haka ba, ƙarshenta sai wankin ƙoda a Katsina, kuma ta ga yadda wannan ke cinye gida.

Mahaifinku ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Dakta, na ji bayaninki, Allah Ya saka da alheri. Amma in na bar gona, mi zan zama?"



Zancen azumi bai yi wuya ba. Liman ya zo da kansa ya ce Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, ƙin karɓar rangwamen ba tsoron Allah ba ne. Ya sha, amma a ɗaka, ƙofa a rufe, don kada ku gani. Gona ce ta gagara. Ya yi alkawari zai riƙa fita da sanyin safiya ya dawo kafin hantsi, ƙanensa Sale, baffanku, ya ƙarasa sauran. Kwana biyu ya cika alkawari. Amma wanda ya san noman farko ya san ciyawa ba ta jiran kowa, kuma gonar daga ƙofar gida ana hango ta. Sai ya ce bari ya ƙarasa kuyya ɗaya, daga ɗaya sai biyu, har azahar. Ran nan ina tankaɗe na ji kukan amalanke a lokacin da ba a saba ji ba. Na leƙa, sai ga Sale yana kora shanu da gudu, mahaifinku a kwance a ciki, hularsa a hannun wani. Ya faɗi ne tsakiyar gero. Aka ɗauke shi a babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya, aka kai shi asibiti a Batsari, ya yi kwanaki ana ƙara masa ruwa.

A bakin gadon nan na yanke shawara. Na san mijina. Muddin idonsa na ganin gonar, ƙafarsa za ta kai shi, ko da rarrafe. Yayana, kawunku, yana da rumfar hatsi a kasuwar Batsari, yana kuma da ɗakuna biyu a bayan gidansa. Na same shi na roƙe shi, ya ce gida namu ne. Da muka koma ƙauye na jira mahaifinku ya ɗan yi ƙarfi, sannan na ce ina da magana, a kira Goggo da Sale. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya a gaban Goggo ba, ko sunan ɗanta ban taɓa kira ba. Ranar na faɗi duk abin da ke cikina. Na ce a bar wa Sale gona da shanu, mu koma gari kusa da asibiti da ruwan famfo, Goggo ma ta biyo mu.

Goggo ta saurare ni har na kai aya.

"Ke ɗiyar makiyaya ce, tashi ba ya yi maku wuya, ku kwashe bukka ku bi ciyawa. Mu nan aka binne cibiyarmu. Ubansa a gonar nan ya tsufa, rana ba ta kashe shi ba."

"Goggo, ranar da Baba ya yi noma a cikinta ba ita ce wannan ba. Ke da bakinki kika gaya wa likita."

 Sai ta ce ajali ba ya gudun kowa, in an je gari ma yana can. Na ce haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara. Sale ya sunkuyar da kai ƙasa, don duk abin da ya faɗa zai zama kamar gonar yake so. Mahaifinku ya tashi ya fita. Ya yi makonni ba ya yi mini magana sai ta dole, abinci in na ajiye ya ci, in na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. A unguwa aka yi ta zance, wai na shanye shi, wai birni nake so. Duk na ji. Sai da aka yi girbi, aka ɗaure dammuna aka zuba a rumbu, yana zaune yana kallo wasu na yi masa aikin da bai taɓa bar wa kowa ba, sannan ya kira ni ya ce in gaya wa yayana muna tafe. Ban san abin da ya juya shi ba, ban kuma tambaya ba.

Goggo ta ƙi biyo mu. Ranar tafiya ta cika mana buhu da gero, da kuka, da daddawar da ta yi da hannunta, ta shafa kan kowannenku. Ni ba ta dube ni ba sai da na durƙusa, sannan ta ce in riƙe mata ɗanta amana, tun da na karɓa. Shi kuwa sai da aka gama loda mota aka neme shi aka rasa. Yana can turke, yana gaya wa Sale wanne sa ne ba ya son tsawa, wanne ne sai an fara ba shi dusa kafin a ɗaura masa garma, abubuwan da Sale ya sani tun yana yaro.

Rayuwar Batsari ku kun san ta. Kumburin ya sauka, likita ya ce abin ya tsaya inda yake. Mutumin da ke cika rumbu uku ya koma zama a inuwar rumfa, da gorar ruwa a gefensa, yana auna wa mutane hatsin da wasu suka noma. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma in aka sauke buhu, yakan tsoma hannu ya ɗebo, ya murza, ya ce wannan geron jigawa ne, wannan an yanke shi bai gama nuna ba, ya daɗe bai mayar ba. In hadari ya haɗu, ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya shigo kasuwa daga wajen Wagini sai ya tare shi, ina ruwa ya kai, Sale ya yi maimai, wake ya fara fure?

Daga baya abin da kuka sani ya zo. Hanya ta lalace, aka fara tare motoci, aka fara kwana a daji. A wata bazara Goggo ta kwanta, zafi ya yi mata yawa, kwana biyu kacal. Saƙon rasuwarta ya iso da safe, amma ba direban da ya yarda ya bi hanyar a ranar, don an yi ɓarna a hanyar kwana ɗaya kafin nan. Mahaifinku ya yini a tasha. Da ya samu mai babur washegari, ya tarar an riga an kai ta. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da shawarata ta jawo. Da muna can, da shi zai sa ta a kabari. Da ya dawo, na rasa bakin yi masa ta'aziyya kamar yadda ya kamata. Ba a jima ba Sale ya iso da iyalinsa da kayan jikinsu kawai, an kore shanun, unguwa ta tashi. Mutane suka koma cewa na yi hangen nesa, Allah Ya ba ni basira. Wallahi wannan yabo ya fi zagin farko yi mini ciwo, don ban hango komai ba, miji kawai nake so ya rayu.

Dakta Maryam ta sake zuwa sau ɗaya, ta yi ta cigiya har aka kawo ta rumfa. Ta yi murna da ganinsa a raye da ƙafafunsa. Ta ce sun gama rubuta abin da suka gano, sun miƙa wa hukuma, sun ba da shawarar a samar da ruwa mai tsabta da rumfunan hutu a gonaki, a kuma riƙa gwada manoma da wuri. Ta ce ta so ta koma ta faɗa wa mutanen unguwar da bakinta, tun da jininsu ne da guminsu, amma an ce mata ba kowa. Ta fara tambayar mutanen da aka auna tare da shi ɗaya bayan ɗaya, yana ba ta amsa. Wannan yana Katsina yana gadi, wannan yana Safana wurin ɗiyarsa, wannan ciwon ya ɗauke shi, wannan ba ciwo ba ne. Da ta tambayi Goggo ya gaya mata, sai ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska. Shi ya koma yana ba ta haƙuri.

Ya samu shekarun da Allah Ya rubuta masa bayan nan. Ya aurar da Sa'a, ya yi wa ɗanta huɗuba, ya ga babbanku ya kama aiki. A daminarsa ta ƙarshe, lokacin da ciwon ya dawo da ƙarfinsa, wata la'asar aka yi ruwa, ya ce in fitar masa da tabarma bakin ƙofa. Muna zaune, ƙasa na ƙamshi, na yi ƙarfin hali na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙewa. Na ce, Malam, ka yafe mini raba ka da gonarka?

"Wa ya ce maki kin raba mu? Kullum sai na je. Yau ma na kai har gindin marke, gero ya yi kyau." Ya ɗan yi murmushi. "Kwana na Allah ne, Hajara. Amma na ɗauki jikana da hannuna. Ba ni da abin da zan yafe."

Rabon da in ji ya kira sunana tun ina amarya.

Abin da ban gaya masa ba, ranar ko wata rana, shi ne ni ma ina zuwa. Tun da ni na ce a tashi, na ga ba ni da bakin cewa ina kewa, sai na haɗiye, kuka ɗauka ni gari ya karɓe ni. To ku sani, ba safiyar da ba na jin sautin turmin matan unguwar nan a kunnena, da muryar Goggo tana faɗan an bar mata awaki sun shiga ɗaki. Da za a mayar da ni bakin gadon asibitin nan, abin da na yi shi zan sake yi. Amma in Allah Ya kawo zaman lafiya, hanya ta buɗe ina da sauran numfashi, kada ku ce na tsufa, kada ku ce rana ta yi zafi. Ku ɗauke ni ku kai ni, in gaida Goggo, in gaya mata yadda na riƙe amanarta.